Tarin da Na Koya wa Habibu

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ba ni aron kunnuwanku. Mai tauna goro ya dakata, mai goyo ta jijjiga shi ya yi shiru. Wannan ba tatsuniya ba ce, abin da ya same ni ne, kuma ni ce na sha kunyar cikinsa.

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarun nan da wayar salula ta fara shiga hannun mutane, muna zaune a Samaru bayan kasuwa. Ranar ce na tsaya da furfurata a gaban likitoci, yaro ɗan shekara bakwai ya tona mini asiri tas, bai rage ko ƙwaya ɗaya ba.

Yaron shi ne Habibu, ɗan ɗana. Ubansa direban babbar mota ne, ya yi Ikko da kaya. Uwarsa ta haihu ta tafi wankan jego gidansu. Saboda haka yana hannuna, ni da Malam. (Malam shi ne mijina. Shekara arba'in da wani abu ban kama sunansa ba, ba kuwa yau zan fara ba.) Habibu nakan kira shi maigidana, irin wasan kaka da jika, shi kuma kullum yana yi mini barazanar zai auro mai haƙora.

Ranar Lahadi maigidan nawa ya tashi ba barazana, ba wasa. Na dama masa koko ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Miyau ma sai ya runtse ido kafin ya haɗiye. Jikinsa kuwa in ka taɓa sai ka janye hannu. Litinin abin ya ƙaru. Malam ya fito da shi tsakar gida, ya kama haɓarsa, ya juya shi wajen rana, ya leƙa.

"Belu ne," in ji shi. "Na aika wa wanzami. Jibi Laraba da hantsi zai zo."

Ku yaran yanzu wataƙila ba ku san belu ba. Ɗan naman nan ne mai reto a can cikin baki. A wajenmu in maƙogwaron yaro ya yi ciwo, sai a ce shi ne ya sauko, a kira wanzami ya sa ƙarfensa mai lanƙwasa ya datse shi. Haka aka yi wa Malam, haka aka yi mini, ga mu da ranmu. Amma haka aka yi wa Asabe, 'yata ta biyu, tana da shekara biyar. Jini ya ƙi tsayawa. Kwana biyu ta yi. Aka ce kwana ne ya ƙare, na ce haka ne, ban sake ɗaga maganar ba, Malam bai sake ɗagawa ba. Shekara talatin muna kewaye ta kamar rijiya a tsakar gida.

Na durƙusa na ce, "Malam, ka ba ni gobe kaɗai. Bari in kai shi asibiti."

Ya saki haɓar yaron. Sannan ya ce, "Je ki. In sun yi masa allura, na san sun ga ciwo, na janye. Amma in suka ba ki 'yan ƙwayoyin nan na ciwon kai suka ce ki je ki dawo, to wanzami yana nan tafe. Ba zan zura ido yaron mutane ya kasa haɗiyar ruwa a gidana ba."

To kun ji abin da ke gabana. Allura ko aska.

Nan fa na zauna na yi shawara da kaina, kuma da ma na nemi wani abokin shawarar. Ni ban yi boko ba, amma na yi zaman layin asibiti fiye da wasu nas-nas, ina ganin na san halin likita ciki da waje. Abu biyu na tara a kaina. Na ɗaya, da ka buɗe baki ka ce zazzaɓi, shi ke nan, sai su ce na cizon sauro ne, a tura ka layin gwajin jini, a ba yaro kulorakwin. Habibu kuwa in ya sha kulorakwin kwana uku yake yi yana susa kamar an zuba masa ƙaiƙayi. Maƙogwaron da ya kawo ka ko kallonsa ba za a yi ba. Na biyu, na lura yaron da ya zauna shiru ba a kula shi. Wanda ke tari kamar ƙirjinsa zai tsage, shi nas ke cewa a shigo da shi.

Shi kuma Habibu ga zazzaɓi fal, tari ko ɗaya babu. Na ce yaron nan ciwonsa a juye ya zo, bari in gyara masa shi.

Talata bayan sallar asuba na ba shi farasitamol, na yi masa wanka da ruwan randa har yana rawar haƙora. Na shafa masa man zafi a wuya na naɗe da tsohon kallabi. Sannan na ja shi bayan madafa inda Malam ba zai ji ba.

"Maigida, yi tari."

Ya ce, "Kaka, ba na jin tari."

"Ban tambaye ka ko kana ji ba. Yi."

Ya yi wani ɗan abu kamar ɗan akuya ya shaƙi dusa. Na ce a'a, daga ƙirji ake ɗauko shi, duba ka gani. Na dafa bango na zuba masa tari irin na tsofaffi masu shan taba, har kajina suka watse. (Ni da ko mura ba na yi, ku duba inda son jika ya kai ni.) Ya gwada, hawaye suka zubo don zafi. Na ga hawayen, na kau da kai. Na yi masa alkawari in ya yi da kyau, a hanyar dawowa za mu sauka a Palladan ya kalli ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi. Nan take tarin ya gyaru.

Muka hau bas muka sauka Sabon Gari, muka shiga asibitin da ɗaliban likita ke koyon aiki. Na yanki kati. Nas ta soka masa ma'aunin zafi a hammata, ta zare, ta duba, ta rubuta ba ta ko ɗaga kai ba. Na ce a raina, ruwan randa ya yi aikinsa.

Da aka kira mu, na tarar da ɗaki cike. Ga babbar likita a zaune, mace ce, 'yar kudancin Kaduna, da ɗan gicciye a wuyanta, Hausa a bakinta kamar a Tudun Wada aka yanke mata cibiya. Bayanta ɗalibai shida cikin fararen riguna, kowa da takarda. Ta nuna wani dogo a cikinsu ta ce shi zai duba mu. Iyayensa mutanen kudu ne, amma haifaffen Sabon Gari ne, Hausar kasuwa yake yi mai sauri.

"Mama, sannu. Yaro yana da shekara nawa?"

"Bakwai."

"Zazzaɓi fa?"

"Ko kaɗan. Taɓa shi ka ji, kamar tulu."

"Tari?"

"Wayyo ɗana, tari ai shi ya kawo mu! Kwana uku ba mu runtsa ba." Na ɗan taka ƙafar Habibu. Ya saki tari guda uku masu kyau, na ji daɗi har cikin raina.

"Majina?"

Wannan ba ta cikin shirina, amma na ga ƙari ba ya ɓaci. Na ce, "Kamar famfo."

Ya sa masa wani ɗan katako mai faɗi a harshe, ya haska tocila, ya leƙa. Ya ɗan lalubi wuyansa ta saman kallabin da na naɗa. Sannan ya juya wajen babbar likita yana Turanci, yana lanƙwasa yatsu, yana miƙewa. Daga ƙarshe ya ɗaga yatsu biyu.

Na ce a zuciyata, Alhamdu lillahi, allura biyu. Har na fara tausayin ɗuwawun yaron.

Sai ya juyo ya ce, "Mama, kada ki damu, ya fi kama da mura. Ki ba shi farasitamol, ya riƙa kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri. In bai yi sauƙi ba bayan kwana uku, ki dawo da shi."

Kwana uku! Wanzami kuwa gobe da hantsi.

 Na ce lallai tarin ne bai isa ba. Na kai hannu ta ƙarƙashin mayafi na mintsini Habibu a cinya. Ya ɓarke da tari, ni ma don in ƙarfafa masa gwiwa na taya shi da guda biyu. Ɗalibin ya gyaɗa kai ya ce, "Kin gani ko, Mama? Har ke kin ɗauka. Mura ce ta shiga gidan."

Duk wannan abin babbar likita ta tallafe haɓa tana kallon mu. Can sai ta miƙa hannu.

"Zo nan, abokina."

Habibu ya je. Ta leƙa maƙogwaronsa da kanta, ta daɗe tana kallo. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa da bayansa. Ta ɗaga hancinsa ta duba, a bushe ƙamas. Sannan ta tambaye shi a hankali, kamar suna hirar kasuwa.

"Tarin nan naka, yaushe ya fara?"

"Yau da asuba."

"Ikon Allah. Me ya kawo shi?"

"Kaka ce ta koya mini. A bayan madafa."

Na yi gyaran murya. Na zare masa ido. Ko kallona bai yi ba.

"Ta ce daga ƙirji ake ɗaukowa. Ta ce kuma kar in ce jikina da zafi, don za ku ba ni maganin susa. Ta ba ni ƙwaya ta yi mini wanka da ruwan randa. In na yi da kyau za ta kai ni kallon jirgi."

Sannan ya waiwayo, ido cike da fata, ya ce, "Kaka, na yi da kyau?"

'Ya'yana, na ga ranar aurena, na ga ranar da zani ya kama mini da wuta a gidan biki, ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta toshe baki da takarda. Wani ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa suna rawa. Dogon nan kuwa ya kasa riƙewa, ya fashe, sauran suka bi. Har nas ta leƙo ta ga me ake rabawa. Na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya, na zauna kamar amaryar da aka kawo jiya, ina roƙon Allah ya tsaga simintin nan in shige.

Babbar likita ta buga tebur sau ɗaya, aka yi tsit. Ta jawo kujerarta kusa da ni.

"Mama, buɗe fuskarki. Ba wanda ke tashi da asuba ya koya wa jikansa tari don nishaɗi. Me ake ciki a gida?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya mata wanzami, na gaya mata sharaɗin Malam. Na gaya mata Asabe, da tsummokaran da na yi ta canzawa kwana biyu. Abin da ban faɗa wa uwata ba, ban faɗa wa mijina ba, na faɗe shi a gaban yara shida masu fararen riguna. Da na gama ba mai dariya. Dogon yana kallon takalminsa.

Sai ta kama hannuna na dama ta buɗe shi a kan gwiwarta.

Ta ce ciwon maƙogwaro iri biyu ne. Akwai na mura, mai zuwa da tari da majina, wannan da kansa yake tafiya, allura ba ta yi masa komai. Akwai kuma na wata ƙwayar cuta, wanda in an bar shi, ko ya lafa, yana iya zagayowa bayan makonni ya kama gaɓoɓin yaro, ya taɓa masa zuciya. Ta ce ido kaɗai ba ya rabe su, shi ya sa suke ƙirga alamu biyar. Ƙirgar ba ta ba da tabbas, amma tana nuna musu wanda za a sallama da wanda ba za a yi wasa da shi ba.

Ta kama babban yatsana. "Yaro ne da ya wuce shekara uku bai kai sha biyar ba? Ɗaya." Ta kama manuni. "Naman nan biyu na gefen maƙogwaro sun kumbura, ko da fari-fari a kansu? Biyu. Su ne biyun da ɗalibina ya ɗaga." Ta kama na tsakiya. "Zazzaɓi. Kin wanke shi da ruwan randa." Ta lanƙwashe shi. Ta kama na kusa da shi. "Rashin tari."

Na ce, "Rashinsa?"

"Rashinsa, Mama. Mai wannan ciwon bai cika tari ba. Shirun da kika ji tsoro shi ne shaidarki, kika kore shi." Ta lanƙwashe wannan ma. "Allurar da kika zo nema tana hannunki tun daga gida. Ke kika rufe yatsu biyu a kanta."

Na dubi hannuna. Saura ƙaramin yatsa, shi kaɗai ba ta taɓa ba. Na ce, "To wannan fa, 'yata?"

"Kaluluwa a wuya, mai zafi in an taɓa. Ya duba bai samu ba."

Nan fa na ji wani abu ya motsa mini. Kunya tana nan, amma wuyan yaron nan ni na shafa masa mai da hannuna. Na ce, "A gafarce ni, a saman ƙyalle ya duba." Na kwance kallabin, na kama hannun dogon ɗalibin nan (hannun likita guda, ni da ban san alif na boko ba), na kai yatsunsa ƙarƙashin muƙamuƙi, wajen hagu. Na ce, "Danna nan." Ya danna. Habibu ya yi tsalle ya ce wash.

Babbar likita ta taɓa wurin, ta dube ni, ta miƙar da yatsuna ɗaya bayan ɗaya har tafin hannuna ya buɗe duka.

"Biyar," in ji ta. Ta juya ga ɗalibanta da Hausa, don in ji. "Ku rubuta. Ƙirga ba ta fi abin da aka gaya muku ba. Ku tambayi yaro da bakinsa. Ku tambaya ko an ba shi magani kafin a zo. Ku kwance ƙyalle. Kuma ku tambayi tsohuwa abin da take tsoro." Sannan ta ce, "Mama, ƙirga musu daga farko."

Na miƙe tsaye na gyara mayafi. Na ƙirga musu biyar ɗin nan ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, suna rubutawa. Waɗanda suka yi mini dariya ɗazu, su ne suka tafa.

Layin jinin da na yi wa dabara kuwa sai da na bi shi, don ta ce zazzaɓi ba a yi masa zato. Awa biyu muna zaune. Aka ce babu na cizon sauro, ba kulorakwin ba susa. Ta tambaya ko wata allura ta taɓa yi masa illa, na ce a'a, kuma wannan karon gaskiya na faɗa. Ta ce ko ƙwayoyi na kwana goma ba fashi, ko allura guda mai zafi. Na ce, "'Yata, ai kin san amsa."

Allurar fara ce kamar kindirmo, ga kauri. Da nas ta soka, Habibu ya ƙwala ihu har bakin ƙofa: "Na sake ki, Kaka! Saki uku!" Duk da haka na cika alkawari. Muka sauka a Palladan, ya tsaya a ƙafa ɗaya yana riƙe da ɗuwawu, jirgi ɗaya ya tashi, ya mai da ni ɗakina.

Laraba da hantsi wanzami ya yi sallama da zabirarsa, don duk da allurar Malam ya ce ba zai janye ba sai ya ga sauƙi da idonsa. Lokacin zazzaɓi ya sauka, Habibu yana zaure da kofin koko, yana haɗiya yana ɓata fuska, amma yana haɗiya. Na tsaya bayan labule na gaishe su. Na fito da hannuna kaɗai, na ƙirga musu yatsu biyar. Na ce, "Duk cikin biyar ɗin nan babu belu."

Wanzami ya ce, "Hajiya, iyaye da kakanni fa haka suka yi."

Na ce, "Haka muka yi wa Asabe."

 Ina jin numfashin Malam ta bayan labule. Can ya cire hularsa, ya shafa kai, ya ce da murya wadda ban saba ji ba, "Tun da ka riga ka zo, yi mini aski."

Da a nan labarin ya tsaya, da na fita da girmana. Amma ana cikin askin sai na ji muryar maigidana: "Malam, ka san Kaka ta iya tari? Bari in nuna maka yadda ta koya mini." Kafin la'asar wanzami ya kai labarin kowane zaure a Samaru. Wata guda in na fita unguwa, yara suna bina a baya suna tari daga ƙirji.

To ga yadda kowa ya ƙare. Wanzami ya ci gaba da aski da kaciya, gidanmu dai bai sake shiga da ƙarfen belu ba, kuma har ya rasu in ya gan ni sai ya yi gyaran murya sau biyu. Dogon ɗalibin ya zama cikakken likita. Na taɓa haɗuwa da shi a kasuwar Sabon Gari, ya ɗago mini yatsu biyar daga nesa. Babbar likita an ce ta koma wajen garinsu, Allah ya saka mata da alheri duk inda take. Malam ya riga ni, Allah ya jiƙansa. Kafin ya tafi, da bakinsa ya ce a sa wa ƙanwar Habibu ta biyu suna Asabe, ga ta nan da belunta. Habibu ya girma, zuciyarsa lafiya lau, ya auro mai haƙoran da yake faɗa.

Ni kuwa matan unguwa suka riƙa kawo mini yara in ƙirga musu. Ba na ba da magani, ba na hana kowa zuwa asibiti, sai dai in yatsu suka yi yawa in ce yau za ki je, ba gobe ba. Kuma duk wadda zan tura sai na kama hannunta na ce, "Ki faɗi ciwon yadda Allah ya saukar da shi, kar ki ƙara masa gishiri. In kuwa kin ƙi ji sai kin yi ƙarya, to kar ki yi ta da ɗan shekara bakwai."